Caca Ciwo Ce, A Nemi Magani Tun Da Wuri

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin da a ke ciniki da wuri akwai masu keɓewa bayan gari su yi ta watsa wuri a ƙasa, wani ya tashi da riga biyu, wani ya koma gida ba ko hula. Daga baya karta ta zo, sa'an nan aka kawo cacar ful ta Ingila, wadda ma'aikata su kan cika takarda su zauna jiran sakamakon ƙwallon ranar Asabar. Amma duk waɗannan suna da wurinsu, suna da lokacinsu. Mai son yi tilas ya tashi ya taka da ƙafarsa, yana tafe yana waiwaye kada wani dattijon unguwa ya hange shi. Wannan tafiya da wannan kunya sun riƙe mutane da yawa. Yau kuwa gidan caca ya shiga aljihu. Tun da wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001, intanet kuma ta biyo bayanta, yaro yana kwance a ɗakin uwarsa zai iya zuba kuɗin makarantarsa a kan wasan da a ke bugawa a Ingila ko Sifen, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Hukuma ba ta yi barci a kan wannan al'amari ba. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, tana da sashe a kan gidajen caca. Jihohin da suka kafa dokokin Shari'a daga shekarar 2000 sun haramta ta ɗungum, kuma a 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a cikin birni. A watan Nuwamba na shekarar 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar caca ta Tarayya ta 2005 ba ta da iko sai a Abuja kaɗai, watau kula da sha'anin caca ya koma hannun jihohi. Duk wannan mun yaba. Amma fa kowa ya sani, a na iya sa kwaɗo a ƙofar shago, ba a iya sa kwaɗo a wayar da ke hannun mutum. Wanda caca ta riga ta kama, in an rufe shagon unguwarsu, sai ya ja bargo ya ci gaba da abinsa.

Ra'ayinmu game da caca ba ɓoyayye ba ne. Alƙur'ani mai girma ya haɗa ta da giya a cikin Suratul Ma'ida ya hana, malaman Kirista kuma ba su gushe suna gargaɗin mabiyansu a kanta ba. Shawararmu ga kowa ita ce kada ya fara, wanda ya fara kuma ya bari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. To, amma faɗin haka bai sauke mana nauyi ba, domin akwai dubban 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka riga suka shiga, cikinsu har da magidanta masu iyali da ma'aikata masu albashi. Waɗansunsu sun san haramun ce, sun yi rantsuwa sun bari ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, sun kuma koma. A kan waɗannan mu ke magana yau: yadda mutum zai gane abin ya fi ƙarfinsa, da inda zai nufa in ya gane.

Bari mu fara da lissafi, gama yawancin masu yi suna zaton gwanintar sanin ƙwallo ce za ta fisshe su. A ce ƙungiya biyu za su kara, ƙarfinsu ɗaya, ba kuma kunnen doki. Audu ya sa naira 100 a kan wannan, Tanko ya sa naira 100 a kan waccan. Da adalci a ke bi, wanda ya ci sai ya karɓi naira 200. Amma mai gidan caca ba haka ya ke biya ba, sai ya ce ninkin 1.90 ne, watau wanda ya ci ya karɓi naira 190. Naira 10 ta zauna a aljihun mai gida, ko wace ƙungiya ta ci. Shi ba caca ya ke yi ba, ciniki ya ke yi, ribarsa kuwa a rubuce ta ke tun kafin a busa usur.

Abin ya fi muni ga masu haɗa wasanni da yawa a tikiti guda, wanda shi ne abin da samarinmu suka fi so, domin da kuɗi kaɗan a ke yi musu alkawarin dukiya. In mutum ya haɗa wasa 10 irin wanda muka kwatanta, damar ya dace da su duka ɗaya ce cikin 1,024. Da adalci, naira 100 sai ta jawo masa naira 102,400. Amma in aka ninka 1.90 har sau 10, abin da zai samu bai wuce naira 61,300 da 'yan kai ba. Watau rabon mai gida ya tashi daga 5 cikin 100 ya kai wajen 40 cikin 100. Haka kuma cacar lamba, irin wadda a ke zaro lamba 5 daga cikin 90. Wanda ya zaɓi lamba biyu yana fatan su fito tare, damarsa ɗaya ce cikin 400, amma ninki 240 aka saba biya. Ko ta ina aka ɓullo, duk naira 100 da jama'a suka zuba, wajen 60 ce ke komowa gare su. Wanda ya ke sa naira 500 kullum kuwa, a shekara ya zuba naira 182,500, fiye da albashin wata biyu da rabi ke nan ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024. An tafi neman ƙiba an samo rama.

Mai karatu zai ce, to, in lissafin a fili ya ke haka, me ya hana su bari? A nan ne likitoci suka yi mana bayani mai amfani. Ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi kama zuciya bisa ga wanda aka tabbata zai zo. Kowane tikiti yana motsa sashen nan na ƙwaƙwalwa mai sa mutum ɗoki da marmari, sashen da ƙwaya da giya su ke motsawa. Har ma faɗuwar da ta yi kusa da ci tana ƙara wa mutum ƙaimi. Shi ya sa kullum za ka ji ɗan caca yana cewa wasa ɗaya tak ne ya yanke masa tikiti, yana ganin saura ƙiris, alhali wanda ya faɗi da wasa ɗaya da wanda ya faɗi da tara duk hannu wofi suka tashi. Ga kuma wasannin da kwamfuta ke shiryawa, waɗanda su ke ƙarewa cikin 'yan mintoci a sake sabo, dare da rana, ba su barin mutum ya huce balle ya yi tunani.

Saboda haka ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka tun 1980, a 2013 kuma ta mai da ita aji ɗaya da jarabar giya da ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma haka ta lissafa ta a kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a 2022. A ƙiyasin da Hukumar ta fitar a 2024, wajen mutum 12 cikin kowane baligi 1,000 na duniya suna fama da wannan ciwo, kuma duk mutum guda da caca ta yi wa mugun kamu, wahalarsa ta kan shafi wajen mutum shida na kusa da shi. Kiran abin ciwo bai wanke mai yi daga laifi ba, bai kuma yafe masa bashin mutane ba. Amfaninsa shi ne a san cewa zagi da gori kaɗai ba su warkar da shi, kamar yadda ba su warkar da mashayi.

Kamfanonin caca su kan rubuta a ƙarƙashin tallarsu, da ƙananan baƙaƙe, wai a yi wasa da hankali. Ƙa'idodin da a ke nufi sanannu ne: kada wanda bai kai shekara 18 ba ya yi; mutum ya yanke iyakar kuɗi da ta lokaci tun kafin ya fara; kada ya taɓa kuɗin cefane, ko na haya, ko na makaranta, ko jarin sana'a; kada ya ci bashi don ya yi; kada ya yi yana cikin fushi ko baƙin ciki; in ya faɗi kuma kada ya bi sawun abin da ya tafi. Mu ba mu kawo waɗannan don mu halatta wa kowa ba. Mun kawo su ne don ma'auni ne mai kyau. Wanda ya ke cewa shi nishaɗi kawai ya ke yi, ya kuma iya bari duk ran da ya ga dama, to, ga gwaji mai sauƙi: ya bari na kwana 30 cur, ba tikiti ko na naira 50. In ya iya ba tare da wata damuwa ba, sai ya gode wa Allah ya zarce da barin. In kuwa ya kasa, ko ya ga yana neman dalilin da zai sa ya ɗaga gwajin zuwa wani wata, to, ya sami amsarsa.

Yawan kuɗin da aka rasa ba shi ne ma'aunin ciwon ba, domin naira 2,000 ta ɗan acaɓa ta fi naira 200,000 ta attajiri zafi. Ma'aunin shi ne wa ke riƙe da linzami, mutum ko cacar. Likitocin Amurka sun jera alamu tara, suka ce wanda aka sami huɗu daga ciki tare da shi cikin wata 12, ciwon ya tabbata. Muna roƙon mai karatu ya bi su a hankali, ya auna kansa ko wani nasa.

Ta farko, kuɗin da ya ke sawa da ba ya gamsar da shi, sai ya yi ta ƙarawa kafin ya ji daɗin da ya saba ji. Ta biyu, in ya yi niyyar ragewa sai ya rasa sukuni, ya riƙa faɗa da kowa. Ta uku, ya sha yin ƙoƙarin bari yana komawa. Ta huɗu, tunanin caca ba ya rabuwa da shi, yana wurin aiki ko yana sahun salla zuciyarsa tana kan tikiti. Ta biyar, in ransa ya ɓaci can ya ke gudu. Ta shida, in ya faɗi yau, gobe ya koma don ya ramo, wannan kuwa ita ce babbar alama, ita ce ramin da ya fi cin mutane. Ta bakwai, yana ƙarya don ya ɓoye yawan abin da ya ke zubawa. Ta takwas, abin ya taɓa aurensa, ko aikinsa, ko karatunsa. Ta tara, ya koma dogara ga waɗansu su fisshe shi daga bashin da caca ta jefa shi.

Mu a namu gani, kada mutum ya jira sai ya cika huɗu. Ran da ya fara ƙarya a kan kuɗi, ko ya ci bashi a manhajar ba da rance don ya yanki tikiti, ko ya sa hannu a kuɗin da aka ba shi amana, na maigidansa a kasuwa ne, ko na adashi, ko na masallaci, yana cewa zai mayar in ya ci, ran nan ya kamata ya nemi taimako. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Akwai kuma alama guda wadda ba ta jiran gobe. In bashi da kunya suka kai mutum ga tunanin gara ya mutu ya huta, ko aka ji yana faɗin haka ko da da wasa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin a 2018 ya nuna masu wannan ciwo sun fi sauran jama'a yawan kashe kansu har wajen ninki 15. Bashi kowane iri ne a na iya zama a tsara biyansa. Rai kuwa in ya tafi ya tafi.

To, ina za a nufa? Matakin farko shi ne a faɗa wa mutum guda amintacce, uba ne, ko wa, ko mata, ko limamin unguwa, ko fasto, a kuma faɗi gaskiya duka, har da jimlar bashin da sunayen masu binsa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Caca a ɓoye ta ke ƙiba, ran da aka tona ta rabin ƙarfinta ya tafi. Mataki na biyu, a raba mutum da kuɗi na wani lokaci: katin banki ya koma hannun wani, albashi ko cinikin rana ya bi ta hannun wanda aka amince da shi, a rufe asusun caca, a goge manhajar daga waya, a kuma ƙaurace wa zaman da a ke taɗin tikiti, ko da gidan kallon ƙwallon da aka saba ne.

Mataki na uku shi ne likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Dawanau ta Kano. Asibitocin koyarwa kuma, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, suna da sashen da ke duba irin wannan. Mun san mutanenmu suna ƙyamar waɗannan wurare, suna cewa na mahaukata ne. Wannan kuskure ne da ya daɗe yana cutarmu. Yawancin maganin jarabar caca zama ne da tattaunawa, inda masani zai bi da mutum ya gane abin da ke tunzura shi, ya warware masa ruɗin nan na cewa ci yana nan tafe, ya koya masa abin da zai yi in marmarin ya taso. In akwai ciwon damuwa ko shaye-shaye tare da ita, kamar yadda a kan samu sau da yawa, sai a haɗa a yi maganinsu. A waɗansu ƙasashe masu fama da ciwon su kan haɗu suna ƙarfafa juna, kamar ƙungiyar Gamblers Anonymous da aka kafa a Amurka a 1957. Ba abin da zai hana masallatai da majami'u da ƙungiyoyin unguwa su shirya irin wannan zama cikin sirri da mutunci. Wanda ya bari ya sake zamewa kuma kada ya yanke ƙauna, zamewa a kan hanyar warkewa abu ne da likitoci suka sani. Ya tashi ya koma inda ya tsaya.

Ga iyaye da matan aure muna da magana biyu. Ta ɗaya, in ɗanku ko mijinki ya zo ya faɗi gaskiya, kada a tara masa jama'a, kada a kore shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda aka tozarta ran da ya yi ƙarfin halin magana, ba zai sake magana ba, na bayansa ma da suka gani sai su ƙara ɓoyewa. Ta biyu, tausayi kada ya sa a riƙa biya masa bashi a asirce a kai a kai. Uwar da ta sayar da tunkiyarta ta biya yau, ta sayar da ɗan kunnenta ta biya gobe, ba da saninta ba ta zama mai ba gidan caca jari. In za a taimaka, a biya mai bin bashin hannu da hannu, bisa sharaɗin an rufe asusu an kuma ga likita. Matar da ta ga abin yana neman cinye gida tana da haƙƙin ta killace kuɗinta da na 'ya'yanta, ta kuma kai magana ga manya. Yin haka ba tona asirin miji ba ne, ceton gida ne.

Gwamnatocin jihohi kuwa, tun da Kotun Ƙoli ta danƙa musu wannan al'amari, nauyi ya hau kansu. Jihar da ta haramta caca, aikinta bai ƙare a kan kame da rufe shago ba. Ya kamata wanda ya kawo kansa neman magani ya tabbata ba za a kama shi ba, ba kuwa za a yi shelarsa ba, in ba haka ba tsoro zai hana kowa fitowa. Jihar da ta ba da lasin tana karɓar haraji kuma, lalle ta tilasta wa kamfanoni tantance shekarun masu shiga, ta ware wani kaso na harajin don magani. Akwai abin koyi a Ingila, inda cacar ƙwallo ta yi ƙarfi tun da daɗewa. A 2018 sun buɗe wani tsari mai suna GamStop, wanda mutum zai rubuta sunansa sau ɗaya a toshe shi daga shafukan caca masu lasin, a 2020 kuma suka hana yin caca da katin bashi na banki. In waɗanda suka halatta abin sun ga tilas su yi masa shinge haka, mu ba mu da hujjar zama mu zuba ido. Har wa yau, dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta buɗe hanyar kai irin wannan kulawa kusa da jama'a. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci alamun nan tara, a kuma sa malaman lissafi na sakandare su yi wa yara lissafin tikiti a kan allo. Yaron da ya ga 1,024 da idonsa zai yi wuyar ruɗuwa.

A ƙarshe muna magana da kai, wanda ka karanta alamun nan ka ga kanka a ciki. Kuɗin da suka tafi sun tafi, ba tikitin da zai komo da su, neman komo da su ɗin ma shi ne ciwon. Abin da ya rage a hannunka, watau mutuncinka da iyalinka da sauran kwanakinka, ya fi abin da ka rasa nesa ba kusa ba. Kada ka ce sai ka ci sau ɗaya ka biya bashi sa'an nan ka tuba, gama da wannan magana aka binne jarin mutane da yawa. Ka nemi mutum guda yau, kafin ka kwanta, ka gaya masa. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, ya ba masu fama sauƙi, amin.